Ƙofa a toshe a ƙasa, taga a buɗe a sama

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Damagaram, shekarata 22. Ni da abokaina uku muna da fadar shan shayi, kuma tun bara muka kamu da son ɗaukar hotunan tsofaffin gine-gine, irin yadda muke ganin Turawa a YouTube da TikTok suna shiga kangaye da masana'antun da aka yashe. Akwai wani tsohon bene na kamfanin sayen gyaɗa na zamanin da. An toshe ƙofofinsa na ƙasa da bulo, tagogin ƙasa kuma an yi musu walda, amma akwai taga ɗaya a sama a buɗe, kusa da reshen wani bedi. Aminina ya riga ya shiga sau ɗaya kafin damina, ya fito lafiya. Yanzu ya ce daren Juma'a mu shiga mu huɗu, mu sauka har ƙasa mu yi bidiyo. Da na nuna tsoro sai suka ce ni ragon maza ne. Ya ce ko da ni ko ba ni zai shiga, ya kuma sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Baba, ba sata za mu yi ba, kuma ba kowa a gidan. Shin laifi ne? In kuma na gaya wa yayansa, na ci amana?

Wa alaikumus salam ɗana.

Wasiƙu da yawa sun riga taka zuwa, amma na ajiye su na fara da ita, don Juma'a ba ta da nisa. Kada ka shiga. Kuma kada ka yi shiru amininka ya shiga kana ji kana gani.

Kafin in zauna ina amsa wasiƙun mutane, gini na yi. Mahaifina maginin ƙasa ne, a bayansa na koyi jefa tubali da ɗora azara, daga baya na koma aikin siminti da ƙarfe. Irin ƙofar nan da kuke kallo, na toshe da hannuna ba sau ɗaya ba, don haka na san abin da ke bayanta fiye da yadda ku kuka sani. A garin nan gini mai lafiya ba ya zama haka kawai: haya ake ba da shi, ko a mai da shi wurin ajiyar hatsi, ko wani ɗan uwa ya tare a ciki. Ranar da aka kira magini aka ce ya jera bulo a bakin ƙofa, to mai gida ya ga abin da ya tsorata shi, ba shi kuma da kuɗin gyara, ko magada sun kasa daidaitawa a kan wanda zai biya. Mu kuwa ba ma gyara komai. Mu jera bulo, mu shafe, a biya mu, mu tafi. Tsagar da ke jikin bango ranar da muka toshe tana nan, kuma tun ranar ba wanda ya sake leƙa ta. Sau da yawa ma kafin a kira mu, masu tsintar ƙarfe sun riga sun kwashe abin da za su iya, har da ƙarafunan da ke riƙe da matakala da kan ƙofofi. Tagar sama da kuke murna an bari, ba mantuwa aka yi ba. Ba wanda ya zaci mai hankali zai bi ta can.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Hanyar da za ku shiga ba hanyar fita ba ce. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba, kuma bene mai toshe a ƙasa rijiya ce da aka gina a tsaye. Za ku shiga kuna da ƙarfi, ƙafa biyu lafiya, hannu biyu lafiya, zuciya na tafasa. A haka reshen bedi ya ishi saurayi. To ka zauna ka yi tunanin fita a wani hali dabam. Ɗaya daga cikinku ya taka wurin da ya ruɓe ya faɗa ƙasa. Gine-ginen kamfanonin da dogaye ne, an ɗaga rufinsu don zafi, faɗuwa daga hawa ɗaya kan iya kai mita 4 ko fiye, a kan siminti da tarkace. Ƙafa ta karye, ko ƙugu, ko kuma Allah ya kiyaye, ƙashin baya. Wanda ya bugu a baya ba a ɗaga shi yadda aka ga dama, don motsi ɗaya marar kyau na iya raba shi da tafiya har abada. Ta ina za ku fitar da shi? Ku saɓa shi ku hau matakalar da ta riga ta nuna halinta, ku tura shi ta taga, ku sauke shi ta reshe a cikin duhu? Ba zai yiwu ba. Sai dai a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, su zo su nemi inda kuke, su fasa bulon da aka jera, alhali bugun guduma kansa na iya zubo da abin da ya rage a kanku. Kafin a kai ga wannan ma, na san samari: za ku ɓata awa guda kuna gardama a kan ko a kira ko kada a kira, don tsoron abin da iyaye da hukuma za su ce. Wannan awar ita ce ke kashe mutum.

Amininka zai ce ai ya shiga ya fito. Na taɓa irin wannan tunanin. Ina saurayi kamarka muka je gyaran indararo a wani soro, rufin da mahaifina ya taka da kansa kwana biyu kafin nan bai ce uffan ba. Na hau da gaba gaɗi, ƙafata ta burma har cinya, azarar da ke ƙasa ta ruɓe daga bakinta inda take cikin bango, wurin da ido ba ya gani. Da rana ne, da mutane a ƙasa, ƙofa a buɗe, aka janye ni. Har yau in sanyi ya shigo gwiwar tana tuna mini. Shi amininka mutum ɗaya ne, ya tsaya kusa da taga, kuma kafin damina. Yanzu ku huɗu ne, nauyi ya ninka huɗu, ruwan damina guda ya ratsa ginin, kuma ƙasa za ku sauka.

Siminti ma bai fi ƙasa amana ba in an yashe shi. Ruwa yana bin ƴan tsagogi ya kai ga ƙarfen da ke ciki. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa simintin daga ciki, ya rabu da shi. Daga sama daɓen yana nan sumul kamar jiya aka zuba, daga ƙasa kuwa ya zube, ƙarfen ya koma kamar tsinke. Mai tafiya a sama da tocilar salula ba ya ganin ƙasan abin da yake takawa. Toshe ƙofofi da tagogi kuma yana hana iska ratsawa, danshi ya zauna, ruɓewa ta ƙara sauri. Ba sai na kai ka nesa ba. Ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin da ke Birni, tsohuwar unguwar garin nan, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama. Wannan gini ne da ake sallah a cikinsa, idon gari duka na kansa. Ina ga wanda aka rufe aka manta?

Sannan ka ce ba kowa a gidan. Mutum ne babu. Zuma na son irin waɗannan wurare, kuma zumar ƙasarmu in an taɓa ta ba ta san wasa ba, bin mutum take yi a taro. A fili gudu ake yi a tsira, a ɗakin da ba ƙofa sai taga ɗaya a sama, ku huɗu, wa zai fara fita? Kububuwa na kwanciya a cikin tarkace, dafinta yana hana jini daskarewa, maganinsa allurar da ake yi a asibiti, kuma a kan lokaci. Kunama ba sai an faɗa ba. Kashin jemage da ya taru shekara da shekaru, in aka taka shi ƙurarsa ta tashi, yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai kama huhu, har a zaci tarin fuka ne. Ƙusa mai tsatsa a cikin datti na iya sa wa mutum cutar nan mai sanƙarar da jiki ta kulle muƙamuƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙasan irin waɗannan gidaje kuwa shi ne rami: tsohuwar rijiya, ko kurmin tara ruwa, ko shadda, da murfin da ya ci ya cinye. Garinmu garin ƙarancin ruwa ne tun asali, manyan gidaje da yawa sun tanadi wurin ajiye shi. Iskar da ke cikin rami rufaffe kan rasa abin da numfashi ke bukata, mutum ya sume ba tare da ya yi ihu ba, na biyu ya bi shi ceto shi ma ya sume. Masu haƙar rijiya sun san wannan sarai, ka tambaye su.

Akwai kuma mutanen unguwa. Ka sa kanka a matsayin maigadi ko maƙwabci da ya farka tsakar dare ya ga samari huɗu suna bin reshe suna shiga taga. Ba zai ce ga masu son tarihi ba. "Ɓarawo!" zai ce, kuma ka san abin da ke biyo bayan wannan kalma kafin a tsaya jin ba'asi. In kun tsira daga hannun jama'a, sai ofishin ƴan sanda. Ginin yana da mai shi ko da ya mutu, don magada na nan, kuma duk abin da aka taɓa sacewa a wurin shekara goma da suka wuce a wuyanku za a rataya shi. Ƙari a kan haka, halin tsaron da ƙasa ke ciki bai bar wurin wasa ba ga wanda aka kama da dare yana ɗaukar hoton gini daga sama. Bidiyon da kuke son sakawa shi ne shaidar da za a nuna muku.

Tambayarka ta ko laifi ne, ni ba malami ba ne, amma abin da na koya a zaure zan faɗa maka, ka kuma kai wa malaminku ya ƙara maka. A Suratun Nur, aya ta 27 ta hana shiga gidajen da ba namu ba sai da neman izini da sallama. Aya ta 28 ta zo daidai kan maganarka: in ba ku sami kowa a ciki ba, kada ku shiga har sai an yi muku izini. Wani zai kawo maka aya ta 29, mai sauƙaƙa shiga gidajen da ba a zaune a cikinsu in akwai amfaninku a ciki. Malaman tafsiri sun kai ta ga wurare irin masaukin matafiya da shaguna, waɗanda dama an buɗe su don jama'a. Wanda ya sayi bulo da siminti ya biya magini ya toshe ƙofarsa ya riga ya ba da amsa, ba da baki ba. A Baƙara aya ta 189 kuma an ce a zo wa gidaje ta ƙofofinsu.

Su Turawan da kuke kallo, abin da ya yi kyau suke nuna muku. Wanda ya faɗo bai saka bidiyo ba. Can ma ba a sake musu ba: ramukan da ke ƙarƙashin birnin Faris, waɗanda masu wannan sha'awa ke rububi, an haramta shigarsu ba izini tun 1955, kuma akwai ƴan sandan da ke sintiri a ciki. Da yawa daga hotunan da suka fi burge ku ma da izini aka ɗauke su, da rana, da hular kwano, ba a dai faɗa muku ba ne don kada armashin ya ragu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya faranta mini rai a wasiƙarka, don akwai shi. Samari huɗu a Damagaram suna kallon tsohon gini suna jin wani abu a ransu. Wallahi na daɗe ina jiran irinku. Mu da muka taso a cikin waɗannan soraye muna kallo suna narkewa ɗaya bayan ɗaya, ana share wurin a kafa bulo da kwano, ba wanda ya ɗauki ko hoto ɗaya. Garin nan ba ƙaramin gari ba ne. Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, ya tanadi igwa, ayarin Sahara na sauka a Zango. Baturen Jamus Barth ya sauka nan a ƙarshen 1852. Nan aka kashe sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka ci garin a 1899. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar, kafin a mai da shi Yamai. Tun 2006 Birni da fadar Sarki ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su a kayan tarihin duniya, Agadas kuwa ta samu shiga a 2013. Jami'ar da kake karatu a cikinta sunan André Salifou take ɗauke da shi, ɗan garin nan da ya rubuta tarihin Damagaram ta ƙarni na 19. Duk wannan yana gabanku, ku kuma kun zaɓi kashin jemage a cikin duhu.

Me za ku samo a benen nan da dare? Bango baƙi, ƙura, hasken tocila yana rawa, da numfashinku. Irin wannan bidiyon dubbai ne a intanet, ba wanda zai iya bambanta na Damagaram da na wani gari. Abin da ba kowa ke da shi ba yana waje, a bakin tsofaffi. Ku je da rana wajen mai unguwa, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce ku ɗalibai ne kuna son tarihin ginin. Shi ya san magadan. Ya kuma san ko akwai sauran dattijon da ya yi dako a wurin, ko ya yi awon gyaɗa a kan sikeli, ko ya ɗinka buhu, ko ya yi gadi. Ku saya masa goro, ku zauna a gindin bedin nan da kuke son hawa, ginin yana bayansa, ku kunna salula ya ba ku labari: nawa ake sayen buhu, daga waɗanne ƙauyuka ake kawowa a kan raƙuma da jakuna, yaushe ciniki ya mutu, me ya kashe shi. Ginin zai iya ƙara shekara goma a tsaye. Dattijon ba lallai ya ƙara biyu ba. In kuna neman abin gaggawa, ga shi nan.

In magada sun yarda a leƙa ciki, wannan wata magana ce: da rana, da magini ya fara dubawa, a buɗe ƙofar ƙasa a bar ta a buɗe, ba wanda zai hau sama. In sun ƙi, sun ƙi. Birni cike take da gidaje masu zanen bango da masu su ke zaune a ciki, waɗanda in kun yi sallama da ladabi za su shimfiɗa muku tabarma su nuna muku zaure da bakan gizon da kakansu ya ɗaure. Ku bi maginan ƙasa lokacin yaɓe ku ɗauki yadda ake kwaɓa ƙasa da yadda ake fitar da zane, don su ma ƙarewa suke yi. Ku rubuta sunan unguwa da ranar da kuka ɗauki kowane hoto. Ku kai wa malaman tarihi a jami'arku da gidan adana kayan tarihi na garin nan su gani.

Saura maganar amininka, wadda na san ita ce ta hana ka barci.

Kalmar ragon maza kada ta dame ka. A aikin gini wanda ke tsoron tsani shi muke so ya riƙe mana shi, don shi ne zai duba ƙafarsa sau biyu. Ina kuma kyautata zaton sauran biyun ma gabansu na faɗuwa, jira suke wani ya fara cewa a'a.

Ka same shi shi kaɗai, ba a fada ba, don a gaban abokai ba zai iya janyewa ba ko yana so. Kada ka yi masa wa'azi. Tambaya ɗaya za ka yi masa: in ƙafata ta karye a ƙasan benen nan, ta ina za ka fitar da ni, me kuma za ka je ka gaya wa innata? Ka bar shi ya nemi amsa. Daga nan ka ɗora masa maganar mai unguwa da dattijon, ka ce shi zai riƙe salula, shi zai yi tambayoyi, sunansa ne a gaba. Yaron da ya iya hawa bedi shi kaɗai ya shiga duhu yana neman inda zai zuba ƙarfin zuciyarsa ne, ka nuna masa wurin.

In ya kafe, ka gaya masa a fuskarsa cewa za ka sanar da yayansa, sannan ka je ka sanar. Kada ka yi a ɓoye, ɓoyewar ce za ta sa abin ya yi kama da cin amana. Amana ita ce ka rufa masa asiri a kan abin da zai kunyata shi. Abin da zai iya kai shi kushewa ba ya cikin wannan. Ka zaɓi yayan da kyau in yana da su da yawa, mai sanyin hali wanda zai yi magana, ba mai saurin hannu ba, kuma ka roƙe shi kada maganar ta kai ga mahaifinsu in ba ta zama dole ba.

Rantsuwar da ka yi tana da mafita. Hadisi ingantacce ya koyar cewa wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Ɗalibi kamarka, ina jin azumin ne zai fi maka sauƙi, amma ka tabbatar a wurin malam.

Zai yi fushi. Mai yiwuwa ya daina yi maka magana mako biyu ko wata guda, a fada a riƙa yi maka kallon mai kai rahoto. Ka daure, ka ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba. Ka fara da shi yau, yayansa kuma kada ya wuce ranar Alhamis. In kun samu dattijon ya ba ku labarin kamfanin, ka turo mini in ji, don mahaifina ya taɓa yi wa irin waɗannan ɗakunan ajiyar gyaɗa yaɓe, ni kuma ban tambaye shi komai a kansu ba har ya rasu.

Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.